Lisans ɗin Baba

Lahadi, 6 ga Oktoba
Baba ya turo hoton wata takarda a wayar Inna daga can garin Bordj, inda yake haɗa talabijin a masana'anta. Ko kalma bai haɗa da ita ba. Inna ta ce in karanta, tunda ni ce 'yar lekkol, mai zuwa boko. Faransancina kaɗan ne, amma na ga «licencié» gefen sunansa. Lisans ke nan, wato digiri, irin wanda ɗan Hajiya Gwamma maƙwabciyarmu ya samo a jami'a. Na ce mata an ƙara wa Baba girma. Har na hango mu a gidan bene, kamar a littattafan soyayyata.

Litinin, 7 ga Oktoba
Inna ta soya fanke ta raba wa duk layinmu na unguwar Sersouf. Hajiya Gwamma har da guɗa.

Talata, 8 ga Oktoba
Na nuna wa malamarmu ta Faransanci takardar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kalmar ma'ana biyu gare ta. A nan, kora ce. An rufe masana'antar gaba ɗaya. Yana rubuce a layin da na tsallake don ya yi mini wuya.
Takardar izinin zamanmu a ƙasar nan, a kan aikin Baba aka ba mu. Disamba za ta ƙare.

Laraba, 9 ga Oktoba
Motar jandarma a bakin kasuwa. Haka aka kwashe su Khalida ƙawata bara aka zubar a Assamaka, can bakin iyaka, don ba su da takardar zama, har yau shiru. Na buɗe littafi, layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ban faɗa wa Inna ba. Inna tana wanki tana 'yar waƙa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Baba ya kira bayan masallaci, ya ce a ba ni.
«Iklima, kin karanta wa Innarki?»
Na ce na karanta.
«Allah ya yi miki albarka. Ni bakina ya kasa.»
Ashe aikena ya yi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na faɗa, ina kallon ƙasa. Inna ta zauna bisa turmi. Can ta ce fanke dai an ci, ya zama sadaka. In sake karanta mata tun daga sama.
Da ƙamus ɗin malama na bi, ban tsallake ko layi ɗaya ba. A ƙarshe akwai buro, wato ofishin da za a kai takardar. Gobe za mu je, wai ni zan yi magana. Ni da ko a aji ba a jin muryata.
Littafin soyayyar... ban ma tuna inda na tsaya ba.