Rufin Gidan Namadi

Kalgo,
Janairu, 1974

Zuwa ga Yaya Madina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Lawal da yara. Ina nan ƙalau, aikin duba-gari kuma yana nan yadda kika san shi.

Bayan haka, ina sanar da ke na yanke shawarar tayar da kangon Baba. Tun rasuwarsa filin nan yake kwance a Gwandu, awaki na kwana a ciki, ni kuma ina biyan haya a garin mutane. Na zauna na yi tsari: ɗaki biyu da zaure, rufin kwano. In na matse, shekara biyu ta isa.

Don haka na saki gidan haya na koma wani shago a bayan kasuwa. Matata Kubura da 'yarmu Asma'u na kai su Maruda wurin iyayenta, su zauna har a gama. Ta yi kuka, amma da na yi mata bayani ta ce to.

Na kuma gano ba abinci ke cinye albashina ba, zirga-zirga ce. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi ta'aziyya, kowanne da kuɗin mota da abin da za a sa wa mutum a hannu. Duk na dakatar da wannan sai na gama gini. Saboda haka ba zan samu zuwa sunan gidan maƙwabcinmu Adamu ba. Ki yi masa barka a madadina, ki ce aiki ne ya riƙe ni.

Ki gaishe mini da Kawu Atiku.

Ni ne ƙanenki,
Namadi

Gwandu,
Fabrairu, 1974

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai kewarka. Na karanta takardarka da kaina sannu a hankali, don ka san bokon yaƙi da jahilci ba ya gudu.

Allah shi sa albarka ga niyyarka. Na yi murna har da hawaye, don duk sanda na bi ta gaban kangon nan sai na kau da kai.

Amma wanga tsari naka ban san wa ya koya maka shi ba. An yi suna gidan Adamu, yaro ya ci sunan Baba, Abdulgani. Don kai sunka bar wuri kan tabarma har anka shafa fatiha. Da Malam ya ce aiki ya riƙe ka, Adamu ya yi dariya ya tambaya ko har ranar Lahadi ake leƙa randunan mutanen Kalgo.

Kai dai halinka bai sake ba. Tun kana yaro in an ba ka ƙuli-ƙuli sai ka ɓoye shi cikin aljihu har ya yi hunhuna, kai ba ka ci ba, ba ka ba wani ba. Yanzu da ka kai Kubura gida, wa ke dafa maka? Mi kake ci?

Allah shi kiyaye ka.

Yayarka,
Madina

Kalgo,
Mayu, 1975

Zuwa ga Yaya Madina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Kin ji labarin ƙarin albashin nan da ake kira Udoji. An ba mu. Ranar da ya shigo hannuna ko karyawa ban yi ba na hau mota zuwa Birnin Kebbi, wurin mai kwanon da na yi shekara ina leƙa shagonsa. Yaya, ashe kasuwa ta riga ni jin labarin. Abin da bara zai rufe gidan duka, yanzu ɗaki ɗaya ba zai rufe ba. Na tsaya ina shafa bandir ɗin kwanon kamar wanda ya zo dubiya, har mai shagon ya ce in ba saye zan yi ba in matsa wa mutane. Siminti ba a ma maganarsa. Gero da kananzir da sabulu duk sun bi sahu.

Na haƙura da kwano. Na ba magini aikin tubali da bango, ya fara kafin ruwa ya sauka. Rufi kuwa sai na azara da ƙasa irin na Baba, in na sake tarawa.

Na ji rasuwar mahaifiyar Ɗahiru, Allah ya jiƙanta. Ita ke ba mu fura in mun taso daga makarantar allo ni da shi, ban manta ba. Na so zuwa, amma in na karya tsarin sau ɗaya zai zame mini hanya. Ki yi masa gaisuwa.

Kin taɓa tambayar abin da nake ci. Tuwon tasha nake saye sau ɗaya a yini, in ci a shago ƙofa a rufe. Duba-gari ba shi da mai kiransa cin abinci. In na yi sallama a gida, abin da nake fara ji shi ne gudun mata suna rufe randuna. Wata rana sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba ta cin tara ba. Da Sallah na je Idi na dawo na kwanta. Kaɗaici yana damuna ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Amma saura kaɗan.

Ni ne ƙanenki,
Namadi

Gwandu,
Satumba, 1976

Namadi,

Gaisuwa. Muna lafiya, damina ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Bangonka ya tashi, amma damina biyu ke nan shina tsaye ba rufi, ruwa na cin kansa. Malam ya sa an lulluɓe shi da zana, iska ta kwashe, an sake sawa. Magini ya ce in ya ƙara shan wata damina haka, sai dai a rushe a koma farko.

Ni kuma na gaji da ɗaukar gaisuwarka. Barka a bakina, ta'aziyya a bakina, Allah sa alheri a bakina. Yanzu in na fara cewa Namadi ya ce, sai mata su dubi juna. Da bazara Ɗahiru ya yi gayyar rufin ɗakinsa, kuma ka san ƙofarsa na kallon bangonka. 'Yan unguwa masu aiki Sakkwato da Jega duk sun zo sun ɗauki ƙasa. Kai da kake nan Kalgo ba a gan ka ba, kuma wannan karon ba wanda ya tambaya.

Na tafi Maruda na ga Kubura. Ba ta kawo ƙararka ba, amma ta rame. Kayan ɗakinta na nan ƙunshe yadda ka kai su, ta ƙi kwancewa, wai kada a yi aiki biyu. Asma'u ta yi wayo har ta shiga makarantar allo.

Gida kake so, na sani, ni ma ina so maka. Amma gidan nan cikin unguwa yake. Zo ko sau ɗaya ka zauna cikin mutane. In kuɗin mota ne ni in biya, man gyaɗata na fita.

Yayarka,
Madina

Kalgo,
Fabrairu, 1977

Zuwa ga Yaya Madina,

Gaisuwa mai yawa. Na ji faɗanki, na kuma karɓa. Ki bari in tare, ni ne zan riƙa riga kowa zuwa kowace tabarma.

Albishirinki, na sayi azara, tana hanya. Na kuma nemi a mayar da ni aiki Gwandu, an ce za a duba.

Saura zuba ƙasa. Na tambayi leburori, aka ce tun da aka yi sabuwar jiha sun tafi Sakkwato wurin gine-ginen gwamnati, waɗanda suka rage kuma abin da suke nema ya fi ƙarfina. Sai na tuna ai muna da gayya, wadda ba ta cin komai sai abinci da goro. Ashe mafita tana gida ina ta wahala.

Ga goro nan ta hannun direba, Malam Lawal ya raba gida-gida. Ga kuma kuɗin gero da nono da nama. Ki dama fura mai kauri, a yi tuwo da yawa, kada a ce ɗan Malam Abdulgani ya yi rowa. A faɗa wa makaɗi. Asabar ta biyu a cikin watan gobe nake so, zan iso tun ranar Juma'a.

Ni ne ƙanenki,
Namadi

Kalgo,
Maris, 1977

Yaya Madina,

Gaisuwa. Ki gafarce ni da na juyo ban biyo na yi miki sallama ba. Ban iya ba ne.

An yi rufi. Tun da hantsi mutane suka cika filin, Adamu da Ɗahiru da duk wanda na sani. Wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na curawa, wasu na cilla wa na sama. Kafin azahar an gama har an sa indararo. Magini ya ce bai taɓa ganin rufi mai sauri haka ba.

Amma Yaya, ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Makaɗi bai zo ba. Ba waƙa, ba tsokana, ba mai shafa wa wani laka a ƙeya. Abin da kike ji kawai ƙarar ƙasa tana faɗawa kan azara. In na miƙa hannu zan karɓi curi sai a ce, “Bari, Malam, kada ka ɓata rigarka.” Malam suke ce mini, mutanen da muka yi wankan tafki tare.

Da aka gama na shimfiɗa tabarmi a zaure, na jera ƙoren furarki da akusan tuwo, na ce bismilla. Adamu ya ce ya ƙoshi. Ɗahiru ya ce azumi yake yi. Na baya ma ya ce azumi, na bayansa ma haka. Suka wanke hannu, suka yi wa Baba addu'a mai tsawo, suka ce Allah ya sa a shiga lafiya, suka watse. Ko goro ba wanda ya ɗauka.

Na zauna ni kaɗai a zauren da na yi shekara uku ina mafarkinsa, abinci ya kewaye ni, ƙudaje na bi. Na ɗebi ludayi ɗaya na mayar cikin ƙwarya. Na ja ƙyaure na tafi tasha.

Don Allah ki faɗa mini abin da ya faru, kada ki rage komai.

Namadi

Gwandu,
Maris, 1977

Auta,

Gaisuwa. Tun da ka ce kada in rage, ga shi.

Goron da ka aiko, kafin magariba ya dawo gidanmu. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya biyo yaro da shi da uzuri. Na rasa yadda zan rubuta maka, ga azara ta iso, ga damina na matsowa. Sai na tafi wurin Kawu Atiku na yi mai kuka.

Kawu da ko masallaci sai an riƙa shi, shi ya ɗauki sanda ya bi unguwa ƙofa-ƙofa. Bai roƙe su don kai ba, don ya san ba su ji. Sunan Baba ya kai musu. Malam na wurin sanda Ɗahiru ya ba shi amsa, ga abin da ya ce:

“Kawu, Malam Abdulgani bisa kainai ya ɗauki ƙasar ɗakin da anka haihe ni. Ba mu bari bangon gidanai ya faɗi muna kallo. Muna zuwa. Amma hurar Namadi ba mu sha, don in mun sha ta zama gayyatai, shi ko ya daɗe da fita cikinmu.”

A kan haka sunka daidaita, su kuma sunka ce wa makaɗi ya zauna gida. Na san ba a sha tun ina damawa. Na dama ne don ka ce in dama, ina fatan ko mutum ɗaya ya karya. Da yamma na sa an kwaso, na aika wa danginmu na garin Dodoru, sauran ta yi tsami.

Ba zagin ka suke ba, Auta, da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Ɗahiru ya kwana uku kan tabarmar makokin mahaifiyarsa shina duban hanyar zuwanka, har yau bai faɗa wa kowa ba sai matarsa.

Gidan ya yi kyau, na shiga na gani. In daɓe ya bushe Kubura na iya tarewa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar da za ta aiki Asma'u maƙwabta ɗibar wuta ko aron rariya.

Lukuman na bayan masallaci zai yi nasa rufin Asabar mai zuwa, kafin ruwa. An raba goro jiya. Ba a kawo naka ba.

Allah shi sanyaya maka.

Yayarka,
Madina

Kalgo,
Maris, 1977

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta.

Zan shigo motar Juma'a. Ki ce Malam Lawal ya ara mini tsohuwar riga da kwando. Kada ki faɗa wa kowa, kada kuma a sake tayar da Kawu.

Ƙasa zan ɗauka ko ba wanda ya miƙo mini, zan durƙusa in ɗiba da kaina. Wannan ba ya ba ni tsoro. Abin da nake tsoro shi ne lokacin da za a zauna, ƙwaryar fura ta taso daga hannu zuwa hannu har ta iso kan wanda ke kusa da ni.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanenki,
Namadi