Ƙarƙashin Leɓen Taga

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin asibitin nan da ba ya barin ki ki huta, ya kare ku daga sanyin ƙasar mutane. Mu nan alhamdulillahi. Inna tana nan da sauƙi, sai dai gwiwa da ta sa ta a gaba, idan ta zauna sai an ba ta hannu. Maman yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa, wanda shi ne alamar lafiyarta. Ma'aikatan hanya kuwa sun sake zuwa sun shafa jan fenti a bangon gidanmu. Wata uku suka ba duk layin mu tashi kafin a rushe, kuma wannan karon ban ga alamar wasa a fuskarsu ba.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kin ce in je in duba sabon benen nan mai hawa shida da kike son saya wa Inna sashe a ciki, wanda kika gani a hoto kika ce ya yi kama da gine-ginen dā, har ya tuna miki da gidan da Baba ya gina. Na je, kuma tun daga bakin titi hankalina bai kwanta ba. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da cokalin gini, kuma abin da na koya shi ne idan sabon gini ya cika son a ce masa tsoho, akwai abin da yake ɓoyewa. Dillalinsu ya tare ni a ƙofa, wani dogo mai turare kamar an yi ɓarinsa, yana ta ce mini Baba, alhali ban girme shi da shekara biyar ba. Ya nuna mini ginshiƙai huɗu na gaba, ya ce irin na mutanen dā ne, masu shekara ɗari ba su girgiza ba. Na ciro makullin babur na ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa mini kamar ganga. Ba su ɗauke da komai, Auta, soso ne aka lulluɓe da siminti. Murafen katako da ke gefen tagogi ma na taɓa, ashe a manne suke da bango, ba a yi su don a rufe ba. Ya yi dariya ya ce ai wannan ado ne, na ce masa na gani.

To amma kin san ni, ba na cin amanar aiki ko na wane ne. Da muka shiga ciki sai na fara jin haushin kaina, don na ga abubuwan da ban so in yaba ba. Rufin ɗakunan yana da tsawo, mutum ya ɗaga hannu bai kusa taɓa shi ba, iska tana yawo. Bangon waje mai kauri ne na gaske, na auna da taƙina, bulo biyu ne. Tagogin sun shige ciki sosai, rana ba ta faɗo wa mutum a ka, kuma akwai wurin da tsohuwa za ta zauna ta ga titi. A ƙasa sun yi rumfa mai baka-baka tun daga wannan kusurwa har waccan, na ga masu wucewa suna ratsowa cikin inuwarta suna rage sauri. Ki kwatanta da akwatunan gilashin da ke tsallaken titi, waɗanda da rana ba a iya kallonsu, idan wuta ta ɗauke kuma mutanen ciki su dahu. Gaskiya wanda ya zana wannan ya kalli gidajen dā da idon basira. Abin da ya dame ni shi ne ban san inda gaskiyar ginin ta tsaya ba, inda kwaikwayo ya fara.

Sai na yi abin da Baba yake yi. Ba lallai ki tuna ba, kina ƙarama lokacin. Duk gidan da ya shiga, ko gaisuwa ya je, sai ya zura yatsa ƙarƙashin leɓen taga ta waje. Magina na dā suna jan wani ɗan siririn tsagi a wurin tun siminti yana ɗanye. Idan ruwan sama ya gangaro, yana isa tsagin sai ya ɗiga ƙasa, ba ya bin bango. Ba wanda yake ganinsa, sai wanda ya san yana nan. Baba da kansa ya lanƙwasa wani guntun ƙarfe don wannan aiki, kuma saboda shi ne bangon gidanmu bai taɓa yin baƙin zane ba duk shekarun nan. Na zura yatsa a tagar farko, sumul. Ta biyu, sumul. Na bi tagogi tara, dillali yana bina a baya yana tambaya ko wani abu ne ya faɗi. Nan da damina uku, kyakkyawar fuskar nan za ta yi zane-zanen baƙi tun daga sama har ƙasa, laima ta shiga bango, ta sami gwiwar Inna.

Na ce a kira mini wanda ya zana. Ashe mace ce, yarinya sa'ar babbar 'yata, da hular kwano a ka da takalmi duk ƙura, wanda ya sa na ɗan sassauta. Na tambaye ta daga ina ta samo fasalin tagogin. Ta ce daga tsofaffin hotuna, ta tara sun fi ɗari, har da na unguwarmu. Na ce mata shi ke nan, hoto daga gaba ake ɗaukarsa, ba wanda ya taɓa kwanciya a ƙasa ya ɗauki ƙarƙashin taga. Na yi zaton za ta yi mini turanci ta wuce. Sai ta zura nata yatsan, ta ce a makaranta an taɓa ambata musu abin, amma ba wanda ya nuna musu da hannu. Ko da gaske take, ko ladabin kasuwa ne, ban sani ba.

Na dawo gida da niyyar in ce miki a bar maganar. Amma Inna ta ce ba za a yanke mata wurin zama ba ta gani ba, don haka ranar Asabar na ɗauke ta a mota muka je. A raina na ce tana jin ƙarar ginshiƙin nan za ta ce mu koma. Na ƙwanƙwasa mata, ko kallona ba ta yi ba. Ta ƙi shiga na'urar hawa, ta ce a nuna mata na ƙasa. Suka kai mu ɓangaren baya, wanda ba a gama ba, ko filastar waje ba a yi ba, sai taga ɗaya da suka gama don nuni. Ta zauna a cikinta, ta daɗe tana kallon waje, ta ce rabon da ta ga taga mai zurfi haka a sabon gida har ta manta. Sannan, ban ce mata komai ba, wallahi ban taɓa gaya mata abin da na gano ba, sai na ga ta miƙa hannu waje tana lalube ƙarƙashin leɓen. Ta janye hannun ta duba yatsanta.

"Babanku bai zo nan ba," in ji ta.

Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, Auta, ban san tana lura da abin da yake yi da yatsa ba. Na ce mata to mu tafi, za mu nemi wani wuri. Ta ce ina, gidan da ya gina ai rushe shi za a yi ko mun so ko mun ƙi, kuma ita ba za ta ƙarasa kwananta cikin akwatin gilashi ba. Ta juyo ta dube ni irin kallon da take mini ina yaro idan na ɓuya daga aiki.

"Ƙarfensa yana wurinka. Me kake jira?"

Ga inda muka tsaya. Mai zanen ta ce ranar da za a yi filastar ɓangaren baya in zo in nuna wa ma'aikatanta, a ja tsagin a duk tagogin, ba na Inna kaɗai ba. Na ce ta rubuta a takarda ta sa hannu, don alkawarin bakin masu gini na san nauyinsa, ni ma mai gini ne. Dillali ya ce in ba a kama sashen cikin makon nan ba wani zai ɗauka. Kada wannan ya tsorata ki, haka suke cewa kowa. Gumin shekarunki ne, kuma wurin da uwarmu za ta ƙarasa rayuwarta ne. Na roƙe ki kada ki sa hannu a komai, ko sun kira ki sau goma, sai na gaya miki da bakina. Ginshiƙan soso kuwa na haƙura da su, tunda ba a kansu za ta kwana ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya ɗanki mai sunan Baba, da 'yar lelena Ƙaramar Inna, ki ce mata na ga hoton haƙorin da ya fita. Inna tana sa muku albarka. Maman yara, da Goggo, da Kawu mai gyaran agogo duk suna gaisuwa. Jiya na buɗe tsohon akwatin kayan aiki na ciro ƙarfen, ya yi tsatsa, na goge shi da mai. Inna ta karɓa ta ajiye ƙarƙashin matashinta, ta ce ni ma ba ta yarda da ni ba, sai ranar za ta ba ni.

Naki har kullum,
Yayanki magini