Faifan Birkin Gaba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar ƙaramarki, ta daina ɗingishi? Mu nan lafiya lau, in ban da hawan jinin da Baba ke shirin sa mini. Na rubuto ne saboda wayarki ba ta shiga sai kin hau tudu.

Shekaranjiya maigidanki ya kawo garejinmu motar asibitin da yake tuƙawa, mai jan ƙafa huɗun nan. Ya ce in ya taka birki a gangara sitiyari na karkarwa a hannunsa. Ina cire tayar gaba na ga matsalar. Faifan birki, wato ƙarfen da takalman birki ke matsewa mota ta tsaya, ya siɗe kamar tsohon murfin tukunya. A gefen kowane faifai akwai lambar da ke nuna iyakar sirantarsa. Ta wannan motar milimita ashirin da shida ce, na sa ma'auni na samu ashirin da huɗu.

Kin san Baba. Ya ture ni gefe, ya shafa faifan da farcen babban yatsa, ya ce da sauransa, a kai wa mai inji ya kankare fuskar. Karo na uku ke nan fa! Sannan ya aika aka sayo sababbi na baya, wai a baya kaya suke, baya ke riƙe mota. Yaya, na baya lafiyarsu ƙalau. Da an taka birki nauyin mota gaba yake zubewa, na gaba ne ke cin wuta. Na faɗa masa haka, ya ce tun ina zane a gindi yake ɗaure birkin manyan motoci.

Ba gardamar ce ta dame ni ba. Motar nan ita ke sauko da masu naƙuda daga ƙauyukan kan dutse, kuma mijinki ne a gaba. Faifai in ya sirance ya ɗau zafi, tsagewa yake. Ke ce Baba yake jin maganarki, ki rubuto masa.

Ki gaida yara.
Ƙaninki, Auta


Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta iso, kuma sannu da ƙoƙari, kin ƙara wa wutar fetur. Baba ya ce hannunsa duk baƙin mai, in karanta masa. Haka na tsaya a tsakiyar gareji ina karanta yadda kike roƙonsa ya saurari Auta, mai faci da mai fenti suna ta ƙunshe dariya. Da na gama ya ce ashe ƙararsa nake kaiwa. Tun ranar bai kira ni da Auta ba, sai dai injiniya.

Ma'aunina kuma ya yi ƙafa. Na duba akwatin sifana, na duba ƙarƙashin benci, har kwandon tsummoki na zazzage. Jiya na hango kansa ya leƙo daga aljihun rigar Baba. Dattijo mai jikoki tara, yana ɓoye ma'auni!

Shi ma maigidanki ya ba ni haushi. Na ja shi gefe na nuna masa lambar da idonsa, ya yarda. Baba na zuwa sai ya durƙusa yana sunkuyar da kai, wai duk yadda Baba ya gani daidai ne. Na ce masa kunyar suruki ba ta tsayar da mota a gangara. Ya ce in rufa masa asiri, asibiti na son motarsu ranar Alhamis, akwai mata biyu da watansu ya tsaya.

To ga abin da na yi, kada ki ji a bakin wani. Da mai inji ya dawo da faya-fayan gaban da ya kankare, na karɓe su tun a bakin ƙofa, na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado na kulle. Yanzu mota na kan jak ba ƙafafun gaba. Baba ya ce ko in fito da su, ko in nemi wani garejin. Na ce na ji. Shekara goma sha ɗaya ina kwance a ƙarƙashin motocinsa, ban taɓa ce masa a'a ba sai yau. Amma gara ya kore ni da in zo miki gaisuwar mutuwa.

Ki yi mana addu'a.
Auta


Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan hankalinki ya kwanta da kika ga maigidanki ya iso. Motar na da sababbin faya-fayan gaba, da hannuna na ɗaura. Ya faɗa miki wannan, amma akwai abin da bai gani ba.

Ranar Laraba da safe, kafin kowa ya zo, na tarar da Baba a bakin gareji. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce in ɗauko faya-fayan da na ɓoye. Na ɗauko ina ta shirya baƙaƙen maganganu a raina. Ya ɗora ɗaya a cinya, ya zaro ma'aunin daga aljihu, ya matse shi a gefen faifan daidai yadda ake yi. Sai ya kai shi kusa da fuskarsa, ya nisantar, ya juya wajen rana, ya goge da bakin riga. Ya daɗe a haka. Can ya miƙo mini, ya ce in faɗa masa nawa ya nuna.

Na faɗa. Ya ce in karanta masa lambar jikin faifan, na karanta. Sannan ya ce shekara biyu ke nan lamba ba ta fito masa. Hazo yake gani. Da farce yake aiki saboda shi ya rage masa. Na baya kuma ya sa a sayo su ne don da ya shafa ya ji tsatsa a bakinsu, ya ɗauka cinyewa ce, da na yi masa gardama a gaban mutane sai ya kasa janyewa. Ya ce ya kwana yana lissafa motocin da ya sallama a shekara biyun nan, yana tunanin wa ke cikinsu.

Yaya, ni fa kullum muna tare. Ina kallonsa yana laluben sifana, ina cewa a raina taurin kai ne da son girma. Shekara biyu ina jin haushin mutumin da ke tsoro.

Shi ya aika a canjo sababbin na bayan da na gaba. Da nake ɗaurawa yana zaune a benci, ko gyaran nan nasa na ƙara ɗaure noti bai yi mini ba. Da rana wani tsohon kwastomansa ya kawo mota ya nufe shi, sai Baba ya nuna ni, ya ce a kai wa mai garejin.

Na ce zan kai shi likitan ido, ya ƙi, wai aiki ya yi mini yawa. Ke ba zai ƙi ki ba. Don Allah ki biyo motar in za ta sauko. Na daɗe ina addu'ar ya sakar mini garejin nan in huta da faɗansa. Yau kwana uku bai yi mini faɗa ba, kuma na rasa inda zan sa kaina.

Ki zo da wuri.
Ƙaninki, Auta