Luguden Da Na Katse Miki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga mahaifiya, gwiwa biyu a ƙasa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara huɗu ke nan da muka raka ki, ban taɓa rubuta miki komai ba, kuma na san wannan ma ba za ta iso ki ba. Da gangan na sa ta inda mutane za su gani, domin 'ya'yan Baffa Sahabi ba sa barin wani abu nawa ya wuce a waya ba su kai masa ba. To su kai masa wannan ma, su karanta masa a hankali, kada su tsallake layi ko ɗaya.

Inna, ɗanki ya zama makaɗi. Haka ake faɗa a Tambuwal daga zauren gidanmu har bakin kasuwa, ana faɗa ana rage murya kamar wata muguwar cuta na ɗauko. Gaskiyar magana ko makaɗin ban kai ba tukuna. Fiyano nake koyo, wata goma sha ɗaya ke nan, ina da shekara ashirin da shida, da gemuna da komai, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku kamar ɗan aji ɗaya. A kan wannan ne Baffa, wanda tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, ya ce ba zai taka garin Jabo ya nema mini auren Sa'adatu ba sai na rabu da abin. Ba ki san Sa'adatu ba. Malamar firamare ce, ba ta da yawan magana, tana dariya da idonta kafin bakinta. Da kin so ta.

Bari in gaya miki yadda aka fara. Bayan rasuwarki na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Kebbe, a ɗakin ba da magani. Mai gwajin jininmu, Yakubu mutumin Zuru, yana da fiyano mai aiki da batir, tsawonsa bai kai tabarya ba. In an tashi aiki da la'asar yakan zauna a bayan ɗakin gwaji ya yi ta taɓawa. Wata uku na yi ina wucewa da sauri, kai a ɗauke, kamar yadda aka tarbiyyantar da ɗan gidanmu. Ranar da na tsaya, ba waƙa yake yi ba ma. Haƙoran fiyanon uku kawai ya danna tare, ya bar su suna ƙara har suka mutu da kansu. Na tsaya da kwalin magani a hannu kamar wawa. Na girma ina jin waƙa a rediyo da cikin motar haya, amma ban taɓa sanin sauti uku za su iya zama wuri ɗaya lafiya, kowa na gyara ɗan'uwansa ba. Ya matsa mini a kan bencin, na zauna. Da aka mayar da shi garinsu, ya bar mini abin, ya ce ya ga ya fi zama a hannuna.

Hannun dama bai ba ni wahala ba. Da bidiyon koyarwa a waya da 'yar haƙuri, cikin makonni ya fara tafiya. Na hagu ne ya yi mini tawaye. Hannun da tun ina rarrafe kike bugewa in ya nufi akushi, shi ne yanzu ake ce wa ya riƙe rabin waƙa. In dama ta tafi, hagu ta bi ta kamar raƙumi da akala. In na ce hagu ta yi nata, dama ta tsaya cak. Wata biyu ina wannan fama, har na rufe abin da tsohon zane na tura ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a da hantsi ina wanki, sai matan gidan da nake haya suka fara daka, su biyu a turmi ɗaya. Ba su iya ba, Inna, tabarensu sai karo suke yi. Amma ƙarar ta ɗauko ki ta ajiye mini a tsakar gida. Na gan ki ke da Gwaggo Tumba ta maƙwabta a gindin darbejiya kuna lugude, kina cilla tabarya sama, ki tafa sau biyu, ki cafe ta ba ki rasa bugu ba. Na kuma ji abin da kike gaya wa 'yan matan da suke zuwa koyo: "Bar sauraren tabaryakki, ɗiyata, saurari tawa. In ta tashi, ki sauka." Da kumfar sabulu a hannuna na shiga ɗaki na jawo fiyanon. Na ce wa hagu ke ce Inna, na ce wa dama ke ce Gwaggo Tumba. Kafin a kira sallah hannuwana biyu suna daka a turmi ɗaya. Abin da malaman waya suka kasa koya mini a wata biyu, ke da ba ki taɓa ganin fiyano ba kika koya mini daga kabari.

Tun daga ranar luguden naki nake bugawa, ina ɗora masa sauti kaɗan-kaɗan. Na ɗauki wani guntu na sa a waya inda mutane za su gani, na tafi barci da farin ciki. Kwana biyu aka aiko Baffa na nemana.

Kin san zamansa, bai sake ba. Yana nan a kan buzunsa a zaure, rediyo a gefe, carbi a hannu, yana hukunta duniya. Ya bar ni a durƙushe ya gama jin labarai tukuna. Sannan ya karanto mini kakanni bakwai, waɗanda ko gonar da suka bari shi bai iya riƙewa ba, ya rufe da maganar da nake ji tun ina yaro: "Mu ba mu kiɗi. Mu aka yi ma kiɗi." Na duƙar da kai don kada ya ga fuskata. Wannan mutumin fa shi ne a kowane biki, da makaɗa sun kama sunan kakansa, zai miƙe ya baza babbar riga, kafaɗa na rawa, ido na ƙwalla, ya bi su har bakin titi kada su yi shiru. Gangar tana da daɗi in tana kiran sunansa, hannun da ke bugunta ne ƙazanta. In babu makaɗan nan, wa zai tuna kakannin bakwai? Ko shi sai ya yi tuntuɓe a na biyar.

Da duk a nan ya tsaya da na haɗiye. Amma da na miƙe zan fita sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba: "Jinin uwakka na. Ai na san sai ya nuna."

Na san abin da yake nufi, gidan duka an sani. Babanki mai gangar noma ne a Fakku, shi ke kaɗa wa manoma in an yi gayya. Baba ya auro ki a kan ƙin 'yan'uwansa, su kuma ba su yafe miki ba har kika koma ga Allah. Shekara talatin suna cin tuwonki suna neman ƙari. Ke kika yi jinyar uwarsu, kika wanke ta, kika juya ta, lokacin da 'yan asalin suke toshe hanci a bakin ƙofa. Amma in yayanki Kawu Mamman ya zo daga Fakku, a dakalin waje ake shimfiɗa masa, zaure na manya ne. Kin gani, kin kai masa ruwa da kanki.

Yanzu zan faɗi wanda 'yan kai rahoto ba su sani ba, don kada a ce Baffa kaɗai na raina. Akwai wanda na fi raina, yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu, ɗan aji biyu na sakandare, mai farin takalmi da sabon girman kai. Ya zo gida da abokansa biyu 'ya'yan ma'aikata, suka tarar kina lugude kina waƙa ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Yaron ya zo dab da ke ya ce ki bari, kina ba shi kunya, sai ka ce gidan maroƙa. Tabaryar tana sama lokacin. Kika cafe ta, ba ki tafa ba. Ba ki zage ni ba, ba ki kai ƙarata wurin Baba ba. Kika ƙarasa dakan da bugu ɗaya-ɗaya kamar kowace mace. Daga ranar har kika rasu, in dai ina gida, ban sake jin luguden ba. Shekara takwas, Inna, kuma ban ko lura ba. Abin da Baffa da zaurensa suka kasa hana ki, ni na hana ki da magana ɗaya.

Ga hukuncina. Luguden naki yana da wani juyi a ƙarshe, in hatsi ya yi, kafin ku ajiye tabare. Na san akwai shi, ina jin wurinsa, amma ya ɓace mini. Duk sanda na bugo, ina zuwa daidai inda tabaryar nan take sama sai hannuna ya tsaya. Gwaggo Tumba ta riga ki tafiya. Matan gidanmu na tambaya suka ce su ba su taɓa sa kunne ba, kuma na yarda, ba su da kunnen.

Sai na ɗaure fiyanon a bayan babur na tafi Fakku. Na tarar da Kawu ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, gangar na rataye a rumbu fatar ta tsage. Na zauna a gabansa na buga. Bai kai rabi ba ya fara bugun gwiwarsa da tafin hannu, yana gyara mini hagu. Ya ce: "Wanga kiɗin babanmu na, na shiga gona. Uwakka Hajo ta ɗauke shi ta kai turmi." Ashe gangar babanki kike kaɗawa a tsakiyar gidan 'yan asali kullum safiya, suna cin garin suna lashe baki. Na yi dariya har na yi kuka. Da na tambaye shi juyin ƙarshe sai ya girgiza kai, ya ce wannan ba na ganga ba ne, naki ne ke kaɗai.

Na koma Tambuwal na durƙusa a gaban Baffa, na gaya masa cikin ladabi cewa fiyano na nan. Ya ce to shi ma yana nan. Kawu Mamman ya sa rigarsa ta Idi, aka ɗauko shi a babur tun daga Fakku, ya je Jabo da goro. Baban Sa'adatu ya karɓe shi da mutunci, a cikin zaure ya zaunar da shi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce a ba shi lokaci. Bayan an yanke gero ya aiko cewa shi bai taɓa ganin an ba da aure dangin uba suna gari sun ƙi zuwa ba, kuma ba zai fara a kan 'yarsa ba. Sa'adatu ta yi kuka, ta bi maganar babanta. Ban ga laifinta ba.

Na rasa ta, Inna. Ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba, abin ya yi mini ciwo, har yanzu in na ga babur ya karya hanyar Jabo sai in kau da kai. An ce Baffa yana gaya wa mutane a zaure cewa na sayar da mace a kan akwatin roba, ana yi masa dariyar da ake yi wa mai gida. Su yi. Su a ganinsu tsakanin mata da fiyano aka ce in zaɓa. Ni kuwa abin da na ji an ce shi ne in sake zuwa dab da ke, tabaryarki na sama, in ce ki bari saboda mutane na kallo. Na faɗa sau ɗaya ina yaro marar hankali. Ba zan faɗa sau biyu ba.

Kullum bayan la'asar ina zama a bayan ɗakin magani in bugo luguden tun daga farko. In na iso wurin nan sai in ɗaga hannuwana in jira kaɗan. Abokan aiki sun ce in ƙirƙiro masa ƙarshe, ai ba wanda zai gane. Na ƙi. Wurinki ne, na bar miki shi a buɗe.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa waɗanda ba su gode ba. Allah Ya gafarta wa Baba da ya ga darajarki, Ya jiƙan mai gangar Fakku. Ya ba Sa'adatu miji nagari. Baffa kuma Allah Ya ba shi tsawon rai, ya daɗe yana jin ana kirana da sunan da ya tsana. In Allah Ya haɗa mu a gidan rahama, abu ɗaya zan roƙe ki kafin komai: ki ƙarasa mini.

Ɗanki mai neman gafararki,
Bello, jikan makaɗi.