Wayar Maigidana Ta Daina Gane Fuskarsa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu ma da sauƙi, sai dai wani abu da ya hana ni sukuni.

Mako uku ke nan da maigidana ya tashi da safe bakinsa a karkace, gefen hagu na fuskarsa ya saki. Likita ya ce jijiya ce, kuma galibi takan warware cikin 'yan watanni. A asibiti har zolayata yake yi. Da muka dawo gida ya ɗaga wayarsa kamar kullum, sai ta ƙi buɗewa. Sau biyar yana gwadawa, sannan ya kife ta a kan tebur ya shige ɗaki.

Kin san magini ne, siminti ya daɗe da cinye zanen yatsunsa, shi ya sa yake buɗe ta da fuska. Na je wurin mai gyaran waya na bakin titinmu. Ya ce yatsa ya fi amana, domin kumburi kaɗan kan rikita fuska, wata wayar ma ɗan'uwa mai kama da kai sai ya buɗe ta, murya kuwa mura ta ishe ta. Amma ya ce abin mai sauƙi ne: a sa lambobin sirri, a goge tsohuwar fuskar, a ɗauki ta yanzu. Da na faɗa wa maigidan, ya ce in har ya ajiye wannan fuskar a waya, to ya yarda ke nan ta zauna. Ya daina fita, kuma ɗan kwangilar da yake wa aiki ya aiko cewa ranar Litinin zai sa wani a gurbinsa.

Yaya, a littattafan da nake karantawa matar kullum tana da kalmar da ke warkar da miji. Na zazzage na ƙarƙashin gado kaf ban samo tawa ba. Ashe gani ya kori ji. Jiya ina ɗiga masa maganin idon da likita ya ba shi, don idon hagun ba ya rufuwa sosai, sai ya tambaye ni ko ni ma sai na duba sau biyu nake gane shi. Na ce a'a, wallahi kuma gaskiya na faɗa, amma sai da na ja numfashi kafin na amsa. Ya karɓi kwalbar a hankali, ya ce daga yau da kansa zai riƙa ɗigawa.

Don Allah ki sa maigidanki ya kira shi kafin Litinin, yana jin maganarsa. Kada dai a ce daga gare ni ne.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu, da Gwaggo, da Autarki. Ku sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki