Dubai ko Kuala Lumpur, Yaya?

Belleville, Paris

Yaya Kadidiatou,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Kamalu da yara suna gaishe ku.

Yaya, albishirinki. Dogon wikend na watan Mayu ya matso, kuma na samu biye biyu, wato tikitin jirgi. Sai dai na kasa tsai da shawara tsakanin Dubai da Kuala Lumpur. Dubai ta fi kusa, amma kowa ya je, kuma an ce zafi ya fara. Kuala Lumpur da nisa, sai dai wata abokiyar aikina ta ce gari ne kore shar, abinci duk halal, ba sai mutum ya yi ta tambaya ba. Ke za ki zaɓa mana. Don Allah ki nemi konje, hutun aiki, tun yanzu, kar su sa ki aiki a waɗannan ranaku.

Ƙanwarki,
Hassia

Minguettes, Lyon

Hassia ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba da sauƙi, hannun dai har yanzu ba ya ɗaga cokali.

A tsaye na karanta wasiƙarki cikin kicin, sai da na nemi kujera. Tun da aka kawo Baba daga Damagaram da wannan shanyewar jiki, ban kwana a wani gida ba sai nan. Da rana ina wanke tsofaffin mutane a wurin aiki, in dawo in wanke nawa. Na ɗauka ba ki gani. Ki yafe mini.

Kuala Lumpur na zaɓa. Ba na son kantuna, ruwan sama nake so da itatuwa, da wurin da ba wanda zai kira sunana. Shugabarmu ta ba ni konje bayan dogon roƙo. Maƙwabciyata Hajiya Raliatou ta yarda ta zauna da Baba, na nuna mata yadda ake juya shi. Har baliza na aro ta zuba kayan tafiya. Wane irin kaya ake sawa can?

Yayarki,
Kadidiatou

Belleville, Paris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya.

Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Ba ki fahimce ni ba. Ni da Kamalu ne za mu tafi. Kin san yadda aiki ya sa mu gaba, har ba ma samun zama mu yi magana. Konjen da na ce ki nema, don mu kawo miki yara ne, tunda dama kina gida da Baba. Suna son ki, ba za su dame ki ba.

Kar ki yi fushi. Wata shekara in sha Allah sai mu shirya namu, ni da ke. Kamalu ma ya ce zaɓinki ya yi, Kuala Lumpur ɗin za mu. Me kike so in kawo miki?

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hassia

Belleville, Paris

Yaya,

Salam. Na kira ba ki ɗauka ba, na bar saƙo shiru. Hajiya Raliatou ta ce mini lafiyarki lau, kin mayar da baliza. Lokaci yana tafiya, ya kamata mu san ko mu taho da yaran. Ni ban ga abin da na yi da ya kai haka ba. Ke kika ce Baba ya zauna wurinki, saboda gidanmu a saman bene yake, ba asansar mai hawa da mutum.

Hassia

Minguettes, Lyon

Hassia,

Salam. Muna lafiya.

Gaskiya ne, ni na ce. Na kuma tambaya, an ce mini maza biyu suna iya hawa da shi a kujera. Kamalu ɗaya ne, sai ya nemi na biyun.

Ranar Alhamis da hantsi za mu sauka a Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasa ta Paris, ni da Baba. Da yamma zan koma ni kaɗai, in rufe ƙofata har konjen ya ƙare. Magungunansa suna cikin jaka shuɗiya. Ba ya son a ba shi abinci a gaban yara, kunya yake ji.

Ban gaya masa komai ba, ce masa na yi kin aiko a kai miki shi. Tun jiya ya sa aka yi masa aski, yana ta tambaya ko kin sake ramewa.

Ki zo gar ɗin da kanki.

Kadidiatou