Kajin Bintu Ba Iska Ba Ne

Mansir,

Na tafi unguwar Ɗan Iya barka, na bar ka kana barci. Ƙullin hayaƙin da ka sayo a kasuwar Wunti don a turara Bintu, ni na jefa shi a shara, kada ka tuhumi matarka.

Wai iska ta taɓa yarinya, don tana durƙusawa ta gaida kaji kowacce da sunanta kafin ta sha koko? Shekararta huɗu fa! Kai har aji uku ba ka barci sai ka riƙe kunnena, ban kai ka wurin kowa ba. Ga shi har digiri ka yi, ko da yake jiya ban ga amfaninsa ba.

Farar kazar sunanta Hajiya Rabi. In ka tashi, ka raka 'yarka ku gaishe ta. Kai ma ka durƙusa.

Innarka